Motar da Ba Ta Cika Ba

Aikin da ya rage wa Kwandasta a ranar bai taka kara ya karya ba: ya ba sabon kankare ruwa, ya naɗe tiyo, ya tafi gida. Tashar canjin mota ake ginawa a unguwar, siminti kuwa in bai sha ruwa safe da yamma ba, tsagewa yake. Sauran leburori sun watse tun la'asar. Shi aka bar wa tiyon, don shi ne bai iya musu ba.

Ya daɗe da barin bin mota, tun da gwiwa ta ƙi, amma sunan ya ƙi barinsa. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. A gida kuma Inna na kwance, ɓarin jikinta ya shanye. In bai koma ya juya ta ya ba ta abinci ba, babu mai yi.

Magariba ta kawo jiki. Ruwa na tsiyaya, ƙamshin jiƙaƙƙen siminti na tashi. Sai wani wari ya ratso: tsohon baƙin mai da kujerar da ta sha gumi. Babu warin da ya sani kamar wannan.

Ya waiwaya.

Bas ce tsaye a rumfar ƙarshe, inda ko kwano ba a gama bugawa ba. Ba fitila, ba ƙarar inji. Ƙofar shinge kuwa a kulle take, makullin na aljihunsa.

Motar maƙil take da mutane, kowa kai a sunkuye, kamar waɗanda suka gaji da tambayar yaushe za a tashi. A bakin ƙofa, kujera ɗaya babu kowa.

"Saura mutum ɗaya," in ji direban, ƙasa-ƙasa.

Tsohuwar da ke kusa da kujerar ta shafa ta. "Zo ka zauna, ɗana. Ka gaji."

Wallahi gaskiya ta faɗa. So yake ya zauna. Tiyo ya suɓuce masa. Ƙafarsa ta hau matakala, ƙarfen sanyi ƙalau.

"Ina za ta?" ya tambaya.

"Inda ba a tashin kowa da asuba."

Ya dubi ƙasa. Ruwan tiyo na ratsa tayoyin yana wucewa, kamar babu su.

Ya tuna Inna, fuskarta na kallon bango tun safe.

Mota ba ta tashi sai ta cika. Amma direba ba ya waiwayen kujeru, hannun kwandasta yake saurare.

Ya janye ƙafarsa. Ya daki jikin motar da tafin hannu, sau biyu.

"Ta cika! Mu je!"

Kawunan suka ɗago lokaci guda. Ya runtse ido. Da ya buɗe, motar na ratsa shinge, ko ƙara babu.

Da hannun hagu ya juya Inna a ranar. Na daman bai sake yin ɗumi ba.

An buɗe tasha, an sallami leburori. Amma kowace magariba sai ya iso rumfar ƙarshe yana jan ƙafa, ya dubi masu dawowa daga aiki suna gyangyaɗi a kan benci, ya daki iska sau biyu. Direbobi na yi masa dariya, wai tsufa ne.

Shi kaɗai ya san ƙarya ya yi wa direban, shi ya sa motar ke dawowa kullum. Kullum kuma sai ya ɗan tsaya yana kallon kujerar nan kafin ya ɗaga hannu.

Inna dai na nan da ranta tukuna.