Safiyar da Ba a Ji Godiyarta Ba

Da guduma ya farfasa keken ɗinkin, a gabanta, a gaban tilon 'yarta mai shekara shida!

Wan marigayin mijinta ne, ƙato mai jajayen idanu. Gidan da ƙaninsa ya bar wa marainiyar yake so, ya kuma rantse sai uwa da 'ya sun fita da ƙafarsu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ɗabi'ar telar nan, kullum da safe sai ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta lissafa ni'imomin Allah da ƙarfi, tana fara'a kamar wadda aka yi wa albishir. Har kafintan da ke bayan katanga yakan tsokane ta, wai ita ce agogonsa, sai ta gama yake ɗaukar zarto.

Washegari ta zauna cikin tarkacen ƙarfe, hawaye na zuba, ta ce, "Alhamdulillahi da hannuwana, da idanuna, da 'yata..."

"Hannu ko?" ya daka mata tsawa. Ya fizgo ta, ya danne hannun damanta a dokin ƙofa, ya buga ƙyauren har sau uku. Ƙashi ya yi ƙaras! Jini ya wanke mata zane.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Me na yi maka?"

"Ki daina gode-goden nan, ki tattara ki bar min gida!"

Wayyo, baiwar Allah! Ta ɗaure hannun da tsumma, ta ɓoye wa kowa don kada a ji kan dangi. Gari na wayewa ta ce, "Alhamdulillahi da idanuna, da 'yata." Kafinta ya ji lissafin ya ragu, ya san ba lafiya ba.

Washegari da asuba, tun kafin ta fito godiya, mugun ya shigo da bel, ya kulle gida, ya nufi yarinyar. Uwar ta kifa a kanta, ƙarfen bel yana tsaga mata baya, yana sauka a kai da wuya, har numfashinta ya ɗauke.

Kafinta ya jira, ya jira... shiru! Shekara bakwai bai taɓa jin wannan shirun ba. Ya ƙwala wa maƙwabta kira, suka ɓalle ƙofar, suka tarar da azzalumin ya shaƙe wuyan marainiya. Kafin 'yan sanda su iso, maƙwabta sun zubar wa mugun haƙora huɗu. Alƙali ya aika shi gidan yari, gida kuma ya tabbata na yarinya.

A gadon asibiti telar ta buɗe ido, ta ga 'yarta na riƙe da yatsunta. Sai ta fashe da dariya da kuka lokaci guda.

"Alhamdulillahi da 'yata, da raina... da maƙwabci mai kasa kunne."

Kafinta ya share ƙwalla da bayan hannu. "To madalla, agogona ya tashi. Bari in je in ɗauki zarto."