Tsakuren Bayan Bango

Ranar da ta fara aiki a maɗaba'ar, mai ɗinkin littattafai ya ɗinke shafi arba'in a kife. Wani ɗan tabon tawada ne a gefen hancinta ya ɗauke masa hankali, ya yi masa kama da jinjirin wata.

Aikinta ta karanta littafi, ta tsamo 'yan layuka masu daɗi da za a buga a bayan bango don jawo mai saye. Takan rubuta su da hannu a guntuwar takarda, ta miƙa wa mai zanen bango, wani ɗan gaye da ake kira Bature. Shi kullum cewa yake tsakure ba sunan abin ba ne, akwai yadda Turawa ke faɗa, kuma shi kaɗai ya iya faɗar daidai. Mai ɗinki kuwa Tsakure ya raɗa mata, ta amsa, ita ma ta raɗa masa Allura.

Da ya nemi aurenta, Baba, mahaifinta, ya ce hannun da ba ya rabuwa da gam ba zai riƙe gida ba. Mama ta ce ai riƙewa ce aikin gam.

Ana cikin lallashin Baba, sai mai ɗinki ya tsinci takarda a teburin Bature, da rubutunta: "Ko ka yi shiru, ina jin ka."

Kwana uku bai gaishe ta ba. Dariyar Bature ma sukarsa take yi. Allura ta soke shi sau biyar, bai ji ba. A na huɗu ya tura mata saƙo:

"Na ga takardarki. Allah ya ba ku zaman lafiya, ke da mai Turancinki."

Amsa ta zo nan take:

"Koren littafin da ke gabanka, shafi na sittin da uku. Allurata, shekara shida kana ɗinki, ba ka taɓa karanta ko ɗaya ba?"

Ya buɗe shafin. Ashe wata tsohuwa ce a labarin ke magana da agogon marigayi mijinta da ya tsaya.

Kunya ta kai shi har gidan su Tsakure. Baba ya ji labarin, ya yi dariya har da hawaye, ya ce wanda ya rame haka saboda layi ɗaya ba zai wulaƙanta masa 'ya ba.

Bature ne ya zana katin ɗaurin aure. Ita ta zaɓi tsakuren da aka buga a baya, daga cikin saƙon angon, bayan ta datse kansa da wutsiyarsa:

"Allah ya ba ku zaman lafiya."

Duk wanda ya karanta sai ya ce amin.