Ango Ba Turare

Najat tela ce a unguwar Maamobi. Tana da keken ɗinki da hannu mai kyau, lafiyar kai ce ta rasa. In ciwon ɓarin kai ya taso mata, haske sai ya zama allura a idonta, ga amai, sai kwanciya a ɗaki mai duhu. Ba ta gaya wa kowa, don ta taɓa jin maƙwabta na raɗa wai iska ce.

A trotro, motar haya, ta haɗu da Nashiru, mai shagon turare a unguwar Nima. Ya ga ta rufe ido da mayafi, ya bar mata kujerar taga. Kafin wata ya ƙare ya fara zuwa zance.

Sai dai duk zuwansa, ba ta rabin awa take tashi ta shige ciki. Mahaifiyarsa, Hajiya Luba, ta ce, "Yarinyar nan ko ba ta sonka, ko ba ita kaɗai ba ce a jikinta."

Likitar da ke ba Najat magani ta sa ta riƙa rubuta abin da ta ci da wanda ta shaƙa duk ranar ciwo. Da suka duba littafin, sunan Nashiru ne a kusan kowane shafi.

"Turarensa ne," in ji likita.

Najat ta sunkuyar da kai. Da wane baki za ta gaya wa mai turare ƙamshinsa ke kwantar da ita?

Saƙonsa ya shigo: "Tauraruwata, in ba kya sona ki faɗa. Mma ta ba ni wa'adi zuwa Juma'a."

Ta daɗe riƙe da wayar, sannan ta ɗauki hoton shafukan ta tura: "Ina sonka. Kunya ce. Karanta."

Ranar Juma'a ya zo da mahaifiyarsa, ba ƙamshin komai a jikinsa sai na sabulu.

"Shinshina," ya ce. "Yau kifin Kasuwar Malam Atta ma ya fi ni ƙamshi."

Ta yi dariya har da hawaye. Hajiya Luba ta kama hannunta.

"Ɗiyata, yafe mini. Ni ma shekara talatin nake ɗaure kaina da ɗankwali saboda irin ciwon nan, ina cewa gajiya ce. Ki kai ni wurin likitarki."

Ranar kai amarya, gwaggonni suka hura kaskon turaren wuta. Hajiya Luba da kanta ta fitar da shi tsakar gida.

"Ɗakin nan ƙamshin lafiya zai yi," ta ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya."

Najat ta amsa da amin, idonta a buɗe.