Kwanson Da Ba A Gani Ba

Bayan La'asar Zakiya ta kai wa mahaifinta shayi, ta tarar da shi a mace, harsashi a ƙirji. Alhaji Abdulghani tsohon direba ne a unguwar Bagdadiyya ta Jidda, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen tara tsofaffin bindigogin hannu. Bakwai ne a akwatin gilashinsa, yanzu saura shida.

Kafin ɗan sanda Othman ya iso, maƙwabta sun damƙe Haladu mai dakon ruwa. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, an kuma ga fitarsa daga gidan. A Jidda wannan ya isa a kai mutum gaban takobi.

"Me ka gani?" in ji Othman.

"Ruwa na zuba, ranka ya daɗe. Ban taɓa riƙe bindiga ba."

Othman ya tausaya masa, amma tausayi ba hujja ba ne. Ya koma kan Zakiya.

"Wacce bindiga aka ɗauka?"

"Baƙar nan ta Jamus, mai loda kanta. Ta fi duka muni."

"Wa ke shiga ɗakin?"

"Ni, sai aminin Baba, Ammu Abdulghaffar. Tare suke zuwa harbi bayan gari. Shekara goma yana roƙonta, Baba ya hana."

Lokacin da abin ya faru Zakiya tana kicin da baƙi biyu, ta fita daga zargi. Othman ya rarrafa ɗakin kaf, har ƙarƙashin darduma. Irin wannan bindiga tofar da kwanson harsashi take yi duk harbi, amma babu kwanso.

Da safe ya je unguwar Sa'alaba, gidan Abdulghaffar. Dattijon ya tarbe shi da jajayen idanu. Suna cikin gaisuwa Othman ya saki wani tsohon kwanso daga aljihu, ya gangara kan siminti. Dattijon bai ko katse maganarsa ba. Ya sunkuya, ya tsince, ya goge da hannun riga, ya miƙa hannu ga wani gwangwani.

"Halas, ya Ammu, zance ya ƙare," in ji Othman. "Da ɓarawo ne, da masu ƙyalli ya kwashe. Mai dakon ruwa kuwa ba ya tsayawa neman kwanso gawa na gabansa. Sai wanda ya san harsashin nan ba ya samuwa, ya saba tsince kwanson don a sake cika shi. Hannunka ne ya tona ka."

Othman ya juye gwangwanin, kwansuna suka zube. Ɗaya a ciki har yanzu yana warin albarushi. Bindigar tana cikin buhun shinkafa, naɗe da tsumma.

"Riƙewa kawai na ce zan yi," in ji Abdulghaffar. "Ya ce ko ya mutu ba zan gaje ta ba."

Aka saki Haladu, aka sa shi a jirgin komawa gida. Ana tura Abdulghaffar mota, Othman ya zaci zai tambayi inda aka binne aminin nasa na shekara arba'in. Sai ya ji ya ce:

"Ɗana, ku riƙa shafa mata mai. Iskar teku tana sa ta tsatsa."