Lambar da Tela Ya Rage

"Talatin da ɗaya," in ji nas, tana zare tef daga damtsenta. "Wayarki kuma mako uku tana cewa ashirin da takwas. Wa ke auna ki?"

Matar ta juya ta dubi mijinta...

Shi kuwa sai a lokacin ya gano takalminsa abin kallo ne.

Tun da aka yi mata aikin ciwon dajin mama, hannunta na hagu ke tara ruwa. Asibiti suka sa mata manhaja a waya: kullum da safe a auna, a rubuta, in lamba ta hau nas ta kira. Hannu ɗaya ba ya auna ɗan'uwansa daidai, don haka ta gode Allah da ya ba ta miji tela.

Ta manta tela ne ke rage wa mata lamba don su ji daɗi su sake dawowa.

Nas ta fita ɗauko bandeji.

"Masoyiya..."

"Kar ka kira ni haka! Zobe ya daina shiga, na ce maka hannun ya yi nauyi, ka ce ido na ne!"

"Ranar da ya ƙaru da rabi, yini kika yi kina kuka."

"Sai ka bar ni in yi kukana! Ni riga ce da za ka rage?"



"Yaya takan karɓi wayar ta duba. Ta ce in ya ci gaba da hawa, ciwon ne ya dawo, gara in mayar da ke gidanku tun da wuri."

"Ba ciwon ba ne, ruwa ne! Kai ma ka sani."

"Na sani. Bakinta na so rufewa."

"Da hannuna?"

Ta ci gaba:

"Ka iya yi wa waya ƙarya, amma ba ka iya ce wa yayarka a'a ba. In haka ne, ni zan kai kaina gida."

Ya ɗauki tef ɗin daga tebur.

"Ba ni hannun."

Ta daɗe kafin ta miƙa.

Ya zagaya tef ɗin, bai ja ba, bai sassauta ba.

"Talatin da ɗaya da rabi," ya ce. "Nas ɗin ma ta rage miki."

Hawaye suka zubo mata.

"Rubuta."

Ya rubuta. Sannan ya kira yayarsa, ya buɗe murya yadda matar za ta ji.

"Yaya, ya hau. Kuma tana ɗakinta, ba inda za ta."