Gurbin da Aka Bari a Motar Tsibiri

Kafin ɗan sanda, kafin mai mangazar kansa, tsoho Maiwada ne ya fara gani. Shekara arba'in yana lodi a Sabon Garin Maraɗi, mota ta taɓa kifewa da shi ya tashi ya kakkaɓe riga. Bai san ko harafi ɗaya ba, amma idonsa ba ya kuskure.

Ranar Talata injin ban-ruwa na manoman Jiratawa ya ɓace. Takarda ta ce an sa shi a motar Abdu, direban Jiratawa, Abdu ya isa babu inji, aka rufe shi.

A mangazar, wato ɗakin ajiyar da ake lodi, kwamfuta ke raba kaya yanzu. Jibo ya auna kowane kwali, Tahira ta shigar da awon, kwamfutar kuwa ta jera manya da ƙanana har mota ta cika tam. Tun zuwanta ba a sake tambayar Maiwada komi ba.

Sufeto Maliki ya fara da Tahira.

"Mota nawa suka hita?"

"Biyu, ranka ya daɗe. Jiratawa da Tsibiri."

"Ta Tsibiri hwa?"

"Ga takarda. Ko allura ba ta shiga."

Ya cire direban Tsibiri daga zargi. Mai gadi ma ya fita zargi, don ƙofa ɗaya ce, ba wanda ya wuce da kaya a ka. Saura Abdu.

Kwana biyu Maiwada bai ci tuwon kirki ba. Da safiyar Talatar ya ga gurbi a motar Tsibiri, bayan kan mota, wanda tunkiya za ta kwanta a ciki. Ya yi shiru, yana jiran ranar da zai yi wa kwamfuta dariya a gaban kowa. Da ya buɗe baki, da matar Abdu ba ta zauna ƙofar mangaza da goyo tana kuka ba.

Ya je ya sami Maliki.

"Yallaɓai, a sake awon kayan Tsibiri."

"Baba, kai da ba ka karatu?"

"Kai da ka yi, wa ka kama?"

Aka je Tsibiri aka auna. Kowane kwali an ƙara masa taƙi guda a takarda.

"Abin nan ba ya ƙarya, abin da aka ba shi yake ci," in ji Maiwada, yana nufin kwamfutar. "An kumbura mashi kaya, ya ce mota ta cika, alhali da wuri. Nan aka cusa injin, aka ja tampol. Wa ka riƙe abin awo?"

Jibo ya zauna ƙasa. Shi ya raka motar, ya sauke injin gidan ƙanensa.

Da aka saki Abdu, ya kama hannun tsohon. "Baba, Allah shi saka."

"Kada ka gode mani. Tun Talata na gani, na yi shiru."

Abdu ya zare hannunsa a hankali, ya tafi. Har yau ba ya gaishe shi.

Wanda yake ganin ƙari aka yi, ga Abdu can tashar Jiratawa. Ya je ya ambaci sunan Maiwada a gabansa, in ya isa.