Kan Bijimi

"Ba ta zo ba," in ji Torben, ya dafa mini hanci. "Kujerarta wayam."

Ni kuwa ga ni a gabansa, ina dahuwa cikin kayan Bijimi, zufa har cikin ido!

Shekara uku ke nan ni ce cikin kayan nan, ina tsalle-tsalle a gefen fili duk Asabar ina zuga 'yan kallo. Doka biyu aka kafa mini: Bijimi ba ya magana, ba ya cire kai. Ko 'yan wasa ba su san wanda ke ciki ba. Shi kuwa Torben, mai bugun ƙafa na ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka, ƙwallon nan mai siffar ƙwai, al'adarsa ce ya taɓa hancin Bijimi kafin kowane bugu, ya zazzage masa abin da ke ransa. Ta nan na san yana sona tun bai furta ba.

Yau wasan ƙarshe. Masu gasarmu da ke can Amurka sun rufe ta, daga yau ƙungiyarmu ta mutu, shi kuma an kira shi gwaji a can. Jiya ya miƙo mini tikitin kallon wasan.

"Wiebke, in kina so in zauna, ki zo. In ban gan ki ba, na gane."

Duk aikin Silke ne, 'yar rawar gefen fili, munafukar Allah. Ita ta tsegunta masa wai duk Asabar da nake ɓacewa wurin wani nake zuwa. Babana ma ya taya ta. "Wanda ya bar ƙwallon gaske ya koma harbin ƙwai ba zai auri 'yata ba," in ji shi, alhali masu kallon ƙwan nan yake sayar wa soyayyen dankali a rumfarsa.

Saura daƙiƙa huɗu, an fi mu da maki biyu, bugu ɗaya mai maki uku ya rage.

"Gobe zan sa hannu in tafi, abokina," Torben ya ce a hankali. "Ashe gaskiyar Silke ce."

Ya juya zai tafi.

Dokar me? Ƙungiyar ma ta mutu!

Na kama ƙahonin, na fizge kan.

Filin ya kaure da ihu.

"Torben, ga inda nake zuwa duk Asabar."

Ya tsaya baki buɗe. "Ke... ke ce? Duk abin da na faɗa..."

"Duk na ji, masoyi. Har ranar da ka ce dariyata irin ta agwagwa ce."

Alƙalin wasa na ta hura usur. Torben ya dawo da gudu, ya lakaci hancina na gaske, ya koma ya narka wa ƙwallon ƙafa.

Ta ratsa tsakanin sandunan gola ɗas! Mun ci wasa!

Silke ta yar da tutar rawarta ta shige ciki, ko kallon arziki ban yi mata ba.

Sai ga Baba ya ratso jama'a, cokalin suya a hannu.

"Shekara uku ina ba Bijimi dankali kyauta, ashe 'yata nake ciyarwa." Ya harari Torben sama da ƙasa. "Ƙafar taka ba laifi. Ka zo cin abinci ran Lahadi."

Torben bai je Amurka ba. Yara yake koya wa bugu a unguwarmu. Kan Bijimi na saman kwabarmu, amma duk safiya hancina yake taɓawa kafin ya fita.